Koyon Nahawu da Kalmomin Ingilishi a Lokacin Hutu

Sau da yawa akan sami ɗalibin da ya haddace dokokin nahawun Ingilishi tun daga sakandare, amma idan aka ce ya rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya sai alƙalami ya cije. Ga kuma yaro a gidan kallon ƙwallo wanda bai san sunan doka ko ɗaya ba, amma yana furta jimla daidai. Wannan maƙala za ta duba dalilin haka, da yadda ɗalibi zai ci moriyar lokacin hutunsa.

A shekarun 1980, masanin harshe Stephen Krashen na Amurka ya kawo ra'ayin cewa harshe yana zama a ƙwaƙwalwa ne ta hanyar yawan ji da karanta abin da mutum yake fahimta, musamman idan hankalinsa a kwance yake. Wasu masana, kamar Merrill Swain ta Kanada, sun ƙara da cewa ji kaɗai bai wadatar ba, sai mai koyo ya yi magana ya kuma rubuta. Ko ta wane ɓangare aka duba, awoyin aji sun yi kaɗan. Abin da mutum yake sha'awa kuwa, yakan koma masa kullum ba tare da an tilasta shi ba, kuma wannan maimaicin shi ne aji ba ya iya bayarwa.

Mu ɗauki ƙwallon ƙafa. A Hausa, lokaci yakan fito ne kafin aikatau: ya ci, yana ci, zai ci. A Ingilishi kuwa aikatau ɗin kansa yakan sauya siffa, kuma nan ne Bahaushe ya fi tuntuɓe. Mai sharhin wasa yana kawo waɗannan siffofi a muhallinsu. Yayin da ɗan wasa yake buga ƙwallo zai ce "he shoots". Da ta shiga raga sai ya ce "he has scored". Washegari jarida ta rubuta "he scored in the first half". Jimloli biyun ƙarshe duk "ya ci ƙwallo" ne a Hausa, amma Bature ya raba su: ta farko abu ne da ya auku yanzu kuma tasirinsa na nan, ta biyu an ɗaure ta da lokacin da ya wuce. Malami zai iya shafe mako guda yana bayanin wannan bambanci, alhali mai kallo yana jin sa a kowane wasa. Haka nan aikatau masu ɗan wutsiya, irin su "send off" da "kick off", waɗanda ba a gane ma'anarsu ta fassara kalma da kalma.

Karatun labarai shi ya fi kawo kalmomi, amma akwai sharaɗi. Paul Nation na ƙasar New Zealand ya nuna a 2006 cewa mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin littafi kafin ya karanta shi ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin. Saboda haka wanda ya ɗauki littafin da yake duba ƙamus sau goma a kowane shafi, wahala kawai ya saya, kuma da wuya ya kai babi na uku. Gara a fara da gajerun labarai irin jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, ko The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1960. Labarin a ƙasar Hausa ya gudana, don haka mai karatu ya riga ya san yanayin, harshen kawai yake koyo.

Akwai kuma wasan Scrabble, wanda 'yan Nijeriya suka yi suna a kansa. A 2015 Wellington Jighere ya lashe gasar duniya a birnin Perth na Ostireliya, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Wasan yana gyara rubutun kalma, yana kuma koyar da ɗafi, domin mai wasa kullum yana neman inda zai liƙa "-ed" ko "re-" ya ƙara maki. Sai dai a ganina amfaninsa ya tsaya nan. Ana iya cin wasa da kalmar da ba a san ma'anarta ba, balle yadda take shiga jimla.

Waƙa da fim ma suna bukatar hattara. Mawaƙa sukan karya nahawu don kari ya daidaita, kuma da yawa daga cikin finafinan barkwancinmu da Turancin buroka ake yin su. Buroka harshe ne mai tsarinsa, amma ba shi mai gyaran takardar jarrabawa yake nema ba.

Abin da ya rage shi ne ɗan ƙoƙari daga ɗalibi. Ya riƙe ƙaramin littafi a aljihu, idan ya ji sabuwar kalma ya rubuta ta tare da jimlar da ta zo a ciki, domin Ingilishi yana da kalmomin da suke tafiya tare: "make a mistake" ake cewa, ba a cewa "do a mistake", ko da yake duka biyun "yi" ne a Hausa. Bayan an tashi wasa kuma, ya zauna ya rubuta rahotonsa cikin jimloli biyar a shuɗaɗɗen lokaci, sannan da safe ya gwada su da abin da jarida ta buga.