Ko Kun Sani? Jirgin Fim ɗin Casablanca na Katako Ne

Jirgin saman da ke tsaye a bayan Humphrey Bogart da Ingrid Bergman lokacin da suke ban kwana a ƙarshen fim ɗin Casablanca na 1942, ba jirgin gaske ba ne. Kwaikwayonsa aka yi da katako, kuma bai kai girman na ainihi ba, wato ƙaramin jirgi mai inji biyu samfurin Lockheed 12. Don kada ƙanƙantarsa ta tona asiri, sai aka ɗauko wadanni aka sa musu kayan makanikai suna kai da kawo a gindinsa, jirgin ya fito kamar babba. Hazon da ya lulluɓe filin ma da gangan aka haɗa shi domin ya rufe sauran aibun. Duk wannan a cikin ɗakin ɗaukar fim na kamfanin Warner Bros. da ke Burbank, jihar Kalifoniya ta Amurka aka yi, ba a Maroko, inda birnin Casablanca yake, ba. Dalili kuwa shi ne Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya sa aka taƙaita ɗaukar fim da dare a filayen jiragen sama.