Farin Fenti da Zafin Bazara: Darasi Daga Tururuwar Sahara

Duk matafiyin da ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau a watan Afrilu, ya ratsa Kucheri da Tsafe da tsakar rana, ya san azabar zama cikin motar haya da ta daɗe a rana tana jiran fasinja. A wannan lokaci zafin iska a ƙasar Zamfara kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, na cikin mota kuwa ya zarce haka nesa. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 ya nuna cewa motar da aka rufe a rana zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri 22 cikin awa guda, kuma mafi yawan ƙarin a rabin awar farko yake aukuwa. Jikin ɗan Adam kuwa digiri 37 yake riƙewa. Idan ya haura 40, gumi kan gaza, ƙwaƙwalwa da ƙoda su fara galabaita. Jarirai da tsofaffi ne suka fi shiga wannan haɗari.

Daga ina zafin yake zuwa?

Da tsakar rana, idan sama ta washe, kowane murabba'in mita na ƙasa yana karɓar ƙarfin rana kimanin wat 1,000. Kusan rabin wannan ƙarfi ɓoyayyen haske ne wanda ido ba ya gani, sai dai fata ta ji ɗuminsa. Idan hasken ya faɗa kan abu, ko dai abin ya mayar da shi sama, ko kuwa ya shanye shi ya koma zafi. Baƙin fenti kan shanye fiye da kashi 90 cikin 100. Farin fenti mai kyau kan mayar da kusan kashi 80.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce saman ƙaramar bas ya kai murabba'in mita 7, wato yana karɓar wat 7,000. Idan launinsa mai duhu ne zai shanye wat 6,300, idan fari ne wat 1,400. Ratar da ke tsakani, wat 4,900, ta yi daidai da a jona dutsen guga na lantarki guda biyar a bisa kawunan fasinjoji.

Wannan sani ba sabo ba ne. A wata wasiƙa, Benjamin Franklin na Amurka ya bayyana yadda ya shimfiɗa ƙyallaye masu launi iri-iri a kan dusar ƙanƙara a rana. Baƙin ƙyalle ya narkar da ƙanƙarar ya nutse, farin kuwa yana nan a sama. A 2011 masana a ɗakin binciken Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya sun ajiye motoci biyu ƙirar Honda Civic a rana, ɗaya baƙa, ɗaya mai ruwan azurfa. Bayan awa guda saman baƙar ya fi zafi da abin da ya kai digiri 25, iskar cikinta kuma da digiri 5 zuwa 6.

Ishara daga halittu

A hamadar Sahara akwai wata tururuwa mai ruwan azurfa wadda ke fita neman abinci da tsakar rana, lokacin da rairayi kan kai digiri 70, ƙadangarun da ke farautarta sun ɓuya. Idan jikinta ya wuce digiri 53 da ɗoriya, ta mutu. A 2015 Nanfang Yu da abokan aikinsa na Jami'ar Kolombiya suka gano sirrinta. Bayanta lulluɓe yake da ƙananan gashi masu kusurwa uku, waɗanda ke yin aiki biyu: suna mayar da hasken rana, suna kuma taimaka wa jiki ya fitar da zafin da ya riga ya shiga.

Aikin nan na biyu shi ne ke warware wata tambaya da mai karatu zai iya yi: me ya sa sabon kwanon rufi, duk da ƙyallinsa, ba ya taɓuwa da rana? Dalili shi ne tsiraicin ƙarfe yana mayar da wani kaso na haske, amma rago ne wajen fitar da zafin da ya shanye. Fenti kuwa, kowane launi ne, gwani ne wajen fitarwa. Saboda haka kwanon da aka shafa wa fari ya haɗa halayen tururuwar guda biyu.

Kakanninmu da suka yi soro da katanga mai kauri da rufin azara sun bi wata hanyar dabam: ƙasa kan jinkirta shigar zafi har rana ta yi sanyi. Da kwano ya maye gurbin azara, sai muka huta da yaɓen shekara-shekara, muka kuma rasa wannan kariya.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

Manyan motocin bas na birnin Landan jajaye ne, amma samansu fari ne saboda wannan dalili. A birnin Ahmedabad na Indiya, zafin watan Mayun 2010 ya jawo mutuwar mutane fiye da 1,300. Hukumar birnin ta fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, kuma a 2017 aka shafa wa rufin gidajen talakawa kimanin 3,000 farar ƙasa. Irin wannan shafe kan rage zafin ɗaki da digiri 2 zuwa 5. A 2021 kuma Xiulin Ruan na Jami'ar Purdue ya sanar da wani fenti na sinadarin bariyam salfet mai mayar da kashi 98 cikin 100 na hasken rana, har abin da aka shafa wa ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi.

Shawarwari ga direba da maigida

Ba lallai ba ne a sake launin mota baki ɗaya. Samanta shi ne ya fi fuskantar rana, don haka mai motar haya zai iya barin launin da hukuma ta ƙayyade a jiki, ya fesa fari a bisa. Kafin a shafa, a kankare tsatsa, a wanke, a sa fentin fari na hana tsatsa, sannan a bi da shafi biyu. Farar ƙasa ta fi araha ga rufin gida, sai dai ruwan damina kan wanke ta, don haka a sabunta ta kowace shekara kafin bazara. Ƙurar hunturu ma kan dusashe fari ta rage amfaninsa, wanki kuwa kan dawo da mafi yawansa.

A kula da irin fentin da za a saya. Wasu fentin mai suna ɗauke da dalma. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a faɗa musu sharrinta, tun da a 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. A nemi wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa babu dalma, kuma kada a kankare tsohon fenti kusa da yara.

Daɗin daɗawa, fenti yana da iyaka. Ba ya tare hasken da ke shiga ta gilashi, wanda shi ke gasa kujeru da sitiyari. Inuwar darbejiya, da kwali a gilashin gaba, da buɗe tagogi kafin fasinja su shiga, duk suna nan da muhimmancinsu. Fari ne ko baƙi, kada a bar yaro cikin rufaffiyar mota ko da na minti biyar ne.

Galan ɗin fenti ba ya shan fetur, ba ya jiran wutar lantarki. A wurin da na'urar sanyaya ɗaki ta fi ƙarfin aljihun mafi yawan jama'a, ragin digiri uku ko huɗu a ɗakin mai jego, ko a ajin makaranta, ko a motar kasuwa, yana iya zama abin da zai raba lafiya da jinya. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.