Situdiyo A Cikin Gida: Yadda Ake Haɗa Ɗakin Ɗaukar Murya Ba Tare Da An Karya Jari Ba

Duk wanda ya saba cin kasuwannin kan iyaka, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, ko Maigatari ranar Alhamis, ya san cewa yanzu mai kaya ya rage kiran ciniki da bakinsa. Ƴar lasifika ce rataye a rumfa ko ɗaure a jikin baro take maimaita talla tun hantsi har la'asar: mai sabulu da tasa, mai takalma da tasa, mai lemun kwalba da tasa. Kowace murya daga cikin waɗannan wani ne ya zauna ya ɗauke ta, ya gyara, ya sa mata kiɗa, kuma an biya shi kuɗin aikinsa. Wato dai wata sana'a ce ta tsiro a gefen kasuwa, wadda ƴan kasuwa da yawa ke tunanin buɗe wa ɗa ko ƙane, amma tsoron tsadar kaya yana hana su.

A shekarun baya wannan tsoro yana da hujja. Zamanin kaset, wanda ke son talla mai tsabta ko waƙar biki sai ya yi tattaki zuwa Kano ko Yamai, ko kuma ya roƙi ma'aikatan gidan rediyo su ba shi ɗaki bayan an rufe tasha. Gidajen rediyon karkara ma ba su daɗe ba a ƙasar nan, domin na farko an buɗe shi ne a Bankilare a 1999. Amma yau aikin da ake yi da tarin na'urori masu cika ɗaki, kwamfuta ɗaya ta hannu tana yin sa. Abin da ya rage shi ne mutum ya san abin da zai saya, da abin da zai bari a shago komai daɗin bakin mai sayarwa.

Ɗaki Kafin Kaya

Mu da ke aiki a gidajen rediyo mun sha karɓar talla daga waje wadda aka ɗauka da makirfo mai tsada amma ba ta sauraruwa, saboda muryar tana amsa-kuwwa kamar an yi magana a cikin randa. Laifin ɗaki ne. Sauti yana bugun bango mai santsi ya dawo, makirfo ya kama muryar da dawowarta gaba ɗaya, kuma idan sun haɗu raba su yana da wuya ƙwarai. Mai karatu zai iya gwada ɗakinsa yanzu: ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu sau ɗaya. In ya ji tafin ya ja wutsiya, ɗakin yana bukatar gyara.

Gyaran kuwa yawancinsa yana cikin rumfar ƴan gwanjo. Bargo mai kauri, labule mai nauyi, tsohuwar katifa da darduma, su ne ke shanye sauti. A shimfiɗa darduma a ƙasa, a rataya barguna a bango biyu masu kallon juna, a bar ɗan tazara tsakanin bargo da bango, sannan a jingine katifa a bayan mai magana, domin nan ne makirfo ke fuskanta. Kwalin ƙwai da ake liƙawa a bango ƙawa ce kawai: bai da kaurin da zai tare ƙara, ga shi maɓoyar kyankyasai, ga saurin kama wuta.

A nan dole a bambance abu biyu. Kashe amsa-kuwwa a cikin ɗaki daban, hana ƙarar waje shigowa daban. Bargo ba zai hana ka jin babur ko injin niƙa ba. Nauyin bango da toshe kafofi ne kawai ke yin wannan. Shi ya sa ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano, wanda ko yayyafi aka yi aikin ranar ya tsaya. A zaɓi ɗakin da ke can ƙuryar gida nesa da titi, a toshe ƙasan ƙofa da gefen taga da soso ko tsumma, sauran kuma a bar wa lokaci: bayan sallar asuba da kuma bayan isha'i gari ya fi yin shiru.

Kaya Huɗu Sun Isa Farawa

Na farko kwamfuta. Ba sai sabuwa ba. Ta hannu wadda aka yi amfani da ita, mai ƙwaƙwalwar aiki giga 8 da batir mai rai, za ta ɗauki talla da waƙa ba gardama. A saurari fankarta kafin a biya, don wadda ke huci kamar injin ban-ruwa za ta shiga cikin kowace murya. Manhajar ɗauka kuwa akwai Audacity, wadda ta fito tun 2000 kuma kyauta ce, tana ɗauka, tana yanka, tana rage ƙara. Mai son haɗa kiɗa daga baya zai iya koyon FL Studio ko Cubase, amma waɗannan na kuɗi ne, kuma na satar da ake zuba wa mutane a kasuwa sukan zo da cutar kwamfuta.

Na biyu makirfo, kuma iri biyu ne. Akwai dainamik, irin wanda ake riƙewa a wurin wa'azi da taro, akwai kuma kondensa, wanda ake gani rataye a hotunan manyan situdiyo. Kondensa yana da kunne ƙwarai, yana fito da murya tas, amma haka zai kwaso kukan akuya da dakan maƙwabta, ƙura da laima suna yi masa illa, kuma sai an ba shi wuta bolt 48 kafin ya yi aiki. Dainamik bai cika jin abin da ke nesa da shi ba, yana jure faɗuwa da zafi, ba ya bukatar wuta. Ga gidan da ke cikin unguwa, a garin da hunturu ke cika ko'ina da ƙura, dainamik ne ya dace a fara da shi.

Na uku katin sauti, wato ɗan akwatin da ke tsakanin makirfo da kwamfuta. Makirfo yana shiga cikinsa da igiya mai haƙora uku da ake kira XLR, shi kuma ya shiga kwamfuta ta kafar USB, daga nan yake shan ƴar wutar da yake bukata. Behringer UMC22 yana cikin masu sauƙin kuɗi, Focusrite Scarlett Solo ya fi shi tsada da inganci, kuma dukansu suna ba da bolt 48 ɗin nan ga wanda zai sayi kondensa wata rana. Na huɗu hedifon mai rufe kunne ruf, don kada kiɗan da mawaƙi ke ji ya zubo cikin makirfo.

Sauran tarkace a gida ake haɗa su. Rariyar da ake sa wa gaban makirfo don tare iskar haruffa irin su "b" da "f", zoben waya ne da safa mai shara-shara a ɗaure a kai. Ƙafar makirfo mai walda zai ƙera ta. Babbar mikisa mai maɓallai barkatai, da manyan lasifikoki irin na gidan biki, ba su da aiki a wannan mataki. Fiyano ma, irin Yamaha PSR da aka gina kiɗan finafinan Kano a kansa, sai aiki ya kankama ake sayensa, ko a riƙa ɗauko mai kiɗa da nasa a biya shi.

Hattara Da Jabu

Makirfo Shure SM58 tun 1966 ake ƙera shi, kuma saboda sunan da ya yi yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a duniya. Na gaske a Turai kuɗinsa yana kai wajen yuro 100, kuma tunda yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, wannan ya haura jikka 65 tun kafin a sa kuɗin dako da na duwan. Saboda haka duk wanda ya miƙo maka sabo a kwali ya ce jikka 10, kai ɗan kasuwa ne, ka san amsar. Gara ka sayi ƙaramin suna na gaske da ka sayi babban suna na ƙarya.

Ko a Sabon Gari ta Kano za ka saya, ko a Katako ta Yamai, ko wani zai taho maka da shi daga Alaba ta Legas, ƙa'idar ɗaya ce: a gwada kafin a biya. Ka je da kwamfutarka, a haɗa, ka ɗauki muryarka minti ɗaya, ka saurara da hedifon. Ka girgiza igiya ka ji ko tana ƙara, ka murɗa kowane maɓalli. Ka karɓi rasit, saboda hanya da kuma ranar da za ka mayar. Haka nan ka haɗa da igiya ta biyu, domin ita ce ke fara mutuwa, kuma iyaka ba kullum take buɗe ba: Najeriya ta rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa 2024.

Maganar Wuta

A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, ba a maido ba sai a Maris 2024. Wanda zai ci abinci da situdiyo ya ɗauki darasi daga nan. Abin daɗin shi ne kayan da muka lissafa ba su da ci. Kwamfutar hannu ba ta cika wuce wat 65 ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe wat 1,200 na awa ɗaya a lissafi, kuma da yake ba a so a zuƙe irin wannan batir ya wuce rabi, kana da wajen 600, wato aikin awa 8 ko fiye. Faifan sola ɗaya madaidaici zai mayar masa da abin da ya rasa.

Janareta kuwa abokin gabar makirfo ne, ta ƙararsa da kuma ta wutarsa. Idan ka ji wani gunji siriri a ƙarƙashin murya wanda ba ya yankewa, yawanci daga wuta yake, ko daga caja marar kyau, ko inbata mai araha. Maganin farko shi ne a zare caja a ɗauka da batirin kwamfuta. Kada a bar igiyar makirfo ta kwanta tare da ta wuta, a kashe fanka lokacin ɗauka, a nesanta wayar salula. In an gama a rufe komai da ƙyalle, makirfo kuma a mayar da shi jakarsa.

Hannu Ya Fi Kaya

Mai magana ya matso kusa: yatsu huɗu tsakanin baki da dainamik, taƙi guda in kondensa ne. A buɗe maɓallin ƙarfi a hankali har ma'aunin sauti ya riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6, kada ya taɓa ja. Muryar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya, amma wadda ta fashe ta fashe ke nan. A ajiye uwar aiki a tsarin WAV, wanda ke cin kusan mega 10 a minti ɗaya, a ba mai talla MP3, wanda ke cin kusan mega 1. Kiɗa ya zauna a ƙarƙashin murya, domin mai saye sunan kaya da lambar rumfa yake son ji. Kafin a miƙa aiki a saurare shi a wayar hannu da kuma irin ƴar lasifikar da za ta yi kiran a kasuwa, tunda can ne zai yi rayuwarsa. Tallar rediyo ta daƙiƙa 30 ba ta ɗaukar fiye da kalmomi 70 ko kusa da haka, don haka a rubuta a takarda, a karanta da agogo, a rage.

Lissafi Da Amana

Kafin a fitar da ko dala ɗaya, a zauna a ƙirga masu kawo aiki: ƴan kasuwa masu talla, masu biki da suna, makarantun islamiyya masu son ɗaukar karatu da waƙoƙin ɗalibai, ƙungiyoyin manoma da na mata masu sanarwa, da gidan rediyon garin da kansa. Idan waɗannan ba za su mayar da kuɗin kaya a cikin shekara ba, a rage kayan. Wanda za a damƙa wa ɗakin kuma ya fara zama wata biyu ko uku a gidan rediyo ko wurin wani mai sana'ar, ya ga yadda ake yi. A riƙa karɓar rabin kuɗi kafin a fara, a faɗi sau nawa za a yi gyara kyauta, a kuma ajiye kowane aiki a wuri biyu, don ranar da kwamfuta ta mutu kada ta tafi da amanar mutane.

Abu na ƙarshe shi ne suna. Ɗora talla a kan kiɗan wani mawaƙi ba da izninsa ba cin haƙƙi ne, kuma akwai ofishin BNDA da aka kafa domin kare haƙƙin masu fasaha a ƙasar nan. Wanda ya haɗa waƙarsa ma can ya kamata ya yi mata rajista. Haka kuma za a zo maka da tallar maganin da aka ce yana warkar da ciwo goma sha biyu, da kuɗi a hannu. Ka tuna muryar da ta fito daga ɗakinka za ta shiga kunnen mahaifiyar wani a ƙauye, ta fasa zuwa asibiti saboda ita. Irin wannan kuɗi barinsa ya fi karɓarsa, domin a kasuwar kan iyaka kowa ya san kowa, kuma labarin wanda ya yi tallar ƙarya yana riga shi tsallaka iyaka.

Saboda haka ga mai niyya, tsarin shi ne: a gyara ɗaki, a sayi makirfo na gaske da katin sauti, a tanadi batir, a koyi aiki, sauran kaya kuma ribar sana'ar ta saye su. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.