Me Ya Sa Saƙon Talla Ke Ɓacewa a Imel?

'Yan uwa, sau da yawa ɗan kasuwa kan tura talla ta imel, saƙon ya ƙare a akwatin tarkace ba wanda ya gani. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne rashin tantance mai aikowa. Tsarin imel na asali bai hana mutum sa adireshin wani a matsayin nasa ba, ta nan kuwa 'yan damfara ke shigo mana.

Shi ya sa aka kafa matakai uku. SPF ke bayyana na'urorin da aka yarje wa aika saƙo da sunan kamfani. DKIM hatimi ne da ake buga wa saƙo, in an taɓa shi a hanya hatimin ba zai dace ba. DMARC kuma ke gaya wa mai karɓa yadda zai yi da saƙon da ya faɗi gwajin: ya bar shi, ya kai shi tarkace, ko ya ƙi shi.

Tun Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta duka ukun ga mai tura saƙo 5,000 a rana. Hatimin kaɗai dai bai wadatar ba. In ƙorafin masu karɓa ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, saƙon da aka tantance ma yana iya komawa tarkace.