Sabon Tsarin Asusun Kirifto Mai Sharuɗɗa: Bayani Ga Al'ummar Fakku Da Kewaye

Kamar yadda jama'a suka shaida, a shekarar 2024 harkar kuɗin intanet da ake kira kirifto ta bazu a arewacin Nijeriya ta hanyar wayar hannu, musamman lokacin da matasa suka duƙufa ga danne-dannen Notcoin da Hamster Kombat. Wannan yayi bai tsaya ga birnin Sakkwato ba, domin ya kai ga garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe da Fakku. Bisa ga haka muka ga ya dace mu yi wa al'umma bayani a kan wani sauyi da ake yi wa walat, wato jakar ajiyar irin waɗannan kuɗaɗe, saboda ya shafi tsaron dukiyar duk wanda ya shiga harkar.

Inda Matsalar Take

Wanda ya buɗe walat irin ta da, akan ba shi kalmomi 12 ko 24 na Turanci, a ce ya rubuta ya ɓoye. Daga waɗannan kalmomi ake samar da mabuɗin sirri guda ɗaya, kuma duk wanda ya riƙe mabuɗin, shi ne mai dukiyar. Idan takardar ta ƙone, ko gara ta cinye ta bayan waya ta ɓace, to dukiya ta tafi ke nan. Idan ɓarawo ya karanta kalmomin, zai kwashe komai cikin mintoci. Babu manajan banki da za a kai wa kuka, domin kundin bulokcen, wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, bai san kowa da suna ba, sa hannun mabuɗi kawai ya sani.

Misalin da ya yi fice shi ne na James Howells, mutumin garin Newport a ƙasar Birtaniya. A shekarar 2013 aka zubar da ma'ajiyar kwamfutarsa a juji, alhali tana ɗauke da mabuɗin Bitcoin kimanin 8,000. A watan Janairun 2025 kotu ta yi watsi da ƙarar da ya shigar ta neman izinin tone jujin.

Mene Ne Sabon Tsarin?

Tun da aka ƙaddamar da Ethereum a shekarar 2015, asusu iri biyu ne a kanta. Na farko shi ne wanda mabuɗi ɗaya ke mulka. Na biyu kuma yarjejeniya ce mai sarrafa kanta, wato ƙaramar manhaja da aka dasa a kan bulokcen, wadda ke zartar da abin da aka rubuta mata ba tare da sa bakin kowa ba. Manufar sabon tsarin ita ce asusun mutum ya koma irin na biyun, ta yadda mai shi zai gindaya sharuɗɗan da za a cika kafin kuɗi su fita.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ƙungiyar manoma idan ta buɗe asusu a banki, ba ta barin mutum ɗaya ya fitar da kuɗi. Sai biyu daga cikin shugaba da sakatare da ma'aji sun sa hannu. Irin wannan hikima ce ake rubutawa a cikin manhaja.

Matakan Da Aka Taka

An daɗe ana neman hanyar yin haka. Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, ya gabatar da shawara mai lamba EIP-86 tun a shekarun farko, amma ba a aiwatar da ita ba, saboda tana buƙatar a taɓa tushen tsarin baki ɗaya. A watan Satumban 2021 shi da wasu masana suka fito da ƙa'idar ERC-4337, wadda ta kauce wa wannan cikas, kuma ta fara aiki a watan Maris na 2023.

A ƙarƙashinta, mai asusu yakan aika da buƙatarsa zuwa wani layi na musamman. Wasu masu tattarawa sukan haɗa buƙatu da yawa su miƙa wa wata babbar yarjejeniya mai suna EntryPoint, ita kuma ta tambayi kowane asusu ko an cika sharuɗɗansa kafin ta zartar. A watan Yunin 2024 kamfanin Coinbase ya fitar da walat da ake buɗewa da hoton yatsa ko fuska, ba tare da rubuta kalmomi ba. Sannan a ranar 7 ga Mayun 2025 aka yi wa Ethereum gyaran da ake kira Pectra, wanda ya ƙunshi EIP-7702, ya kuma ba tsofaffin asusu damar aron aikin yarjejeniya ba tare da sauya adireshi ba.

Amfaninsa Ga Mutanen Karkara

Na farko, mai asusu zai iya naɗa amintattu, a misali mutum uku, ya ce idan wayarsa ta ɓace, biyu daga cikinsu na iya haɗuwa su amince a ba shi sabon mabuɗi. Walat ɗin Argent ta yi suna a kan wannan hanya. Na biyu, ƙungiya ko 'yan adashi na iya ajiya a asusun da sai mutum biyu ko uku sun sa hannu, kamar yadda manhajar Safe ke yi. Na uku, ana iya ƙayyade abin da zai fita a rana, ta yadda ko waya ta faɗa hannun ɓarawo a kasuwa, ɓarnar za ta taƙaita. Na huɗu, wani kamfani na iya ɗaukar nauyin kuɗin aikawa da ake kira gas.

Akwai kuma batun gado, wanda ke da nauyi a al'ummarmu. Idan mutum ya rasu da mabuɗinsa a ransa, haƙƙin magada ya salwanta. Asusu mai amintattu na iya buɗe wa iyali hanyar kai wa ga dukiyar, a raba ta kamar yadda shari'a ta tanada.

Matsayin Hukuma

A watan Fabrairun 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto, sannan ya ɗage hanin a watan Disambar 2023. A tsakanin nan, an ƙaddamar da eNaira a ranar 25 ga Oktoban 2021, kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen a watan Mayun 2023. Dokar Zuba Jari ta 2025 ta sanya kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar hukumar SEC. Ya kamata a lura cewa eNaira kuɗin gwamnati ce da Babban Banki ke bayarwa, saɓanin kirifto da ba ta da wannan lamuni.

Abin Lura

Sabon tsarin yana maganin ɓacewar mabuɗi, amma ba ya maganin faɗuwar farashi ko yaudara. Rugujewar CBEX a watan Afrilun 2025, wadda ta cinye dukiyar ɗimbin 'yan Nijeriya, ba ta da alaƙa da mabuɗi. Alƙawarin ninka kuɗi ne ya ja mutane. Haka kuma bayan gyaran Pectra, 'yan damfara sun riƙa yaudarar mutane su sa hannu a kan izinin da ke miƙa ragamar asusu ga manhajarsu. Amintattun ma idan suka haɗa baki, suna iya cin amana, kuma kuskure a rubutun manhaja na iya jawo asara.

Saboda haka muna kira ga al'ummar Fakku da ɗaukacin ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal da su kiyaye waɗannan abubuwa. Kada a ba kowa kalmomin sirri, ko da ya ce shi ma'aikaci ne. Kada a amince da wani izini a waya sai an fahimci abin da ya ƙunsa. A zaɓi amintattu daga gidaje daban-daban, a kuma sanar da magada cewa akwai asusun. A bincika ko kamfani yana da rajista da SEC kafin a ba shi ko sisi. Haka nan muna roƙon iyaye da malamai da shugabannin al'umma su ja kunnen matasa, kada a sayar da hatsin gida ko dabba a zuba a harkar da ba a fahimta ba, domin rigakafi ya fi magani.