Yadda Aka Shirya Gada ta Biyu a Kan Kogin Kwara, da Inda Aka Sami Kuɗinta

Tsakanin Asaba da Anaca Kogin Kwara ya yi faɗi ƙwarai, kuma nan ne babbar hanyar da ta haɗa yammacin Nijeriya da gabashinta ta ke ƙetarewa. A da sai da jirgin fito a ke haye mutane da kaya. Cikin shekarun 1950 wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holan, mai suna NEDECO, ya auna wurin ya zana fasalin gada. Kamfanin Dumez na Faransa ya gina ta tsakanin 1964 da 1965, Firayim Minista Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya buɗe ta a farkon watan Janairu 1966. A 1967, cikin yaƙin basasa, aka karya wani sashe nata, bayan yaƙi aka gyara.

Gadar nan ta farko hannu biyu gare ta, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. Da motoci suka yawaita sai ta kasa. Kowace shekara in Kirsimeti ya gabato matafiya kan yini a bakinta, wani lokaci har su kwana. Wahalar kuwa ba ta tsaya ga mutanen gabas kaɗai ba, gama fataken Arewa masu kai shanu da albasa da wake kasuwar Anaca su ma sun ɗanɗana ta, tun da ya ke dabba da ɗanyen kaya ba sa jure dogon jira. Babu wanda ya yi gardama a kan cewa ana bukatar gada ta biyu. Abin da ya kamata a bincika shi ne dalilin da ya sa aka fi shekara talatin ana zancenta, alhali kuwa ginin kansa bai cika shekara biyar ba.

Inda wuyar ta ke

Wuyar ba ta fasaha ba ce. Tun a 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka nemi injiniyoyin ƙasa su zana sabuwar gada, suka zana. Abin da ya gagara shi ne a sami hanyar biya wadda ba za ta yanke ba har aikin ya ƙare.

Ga bayanin. Gwamnati na shirya kuɗinta shekara shekara ne. Ministan Ayyuka ya kai bukatarsa, Majalisa ta duba, ta rage nan ta ƙara can, sa'an nan Baitulmali ya saki abin da ya samu, wanda sau da yawa bai kai abin da aka rubuta ba. Hanyar mota tana iya haƙuri da wannan, don in an shimfiɗa mil goma kuɗi suka ƙare, ana bin mil goman nan kafin a ci gaba. Amma gada dabam ta ke. Rabin gada ba ya ƙetar da kowa. Ginshiƙan da aka kafa cikin ruwa aka bari ba su da wani amfani sai ran da aka ɗora musu bene har gaci. Ɗan kwangila kuma ba zai kwaso manyan injuna da ma'aikata ya girke a bakin kogi ba, sai ya amince za a riƙa biyansa a kan kari shekara huɗu ko biyar a jere. Saboda haka babbar tambaya ga kowace Gwamnati ita ce, ina za a ajiye kuɗin da canjin shekara da canjin mulki ba za su taɓa ba?

Dabara ta farko: kuɗin 'yan kasuwa

Dabarar da aka fara gwadawa ita ce haɗin gwiwa da 'yan kasuwa. Ma'anarta ita ce kamfani ya nemo mafi yawan kuɗin, ya gina, a bar masa gadar waɗansu shekaru yana karɓar kuɗin fito daga masu wucewa har ya mai da uwar kuɗinsa da riba, sa'an nan ya miƙa wa Gwamnati. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne, gama tun zamanin kwalekwale mai jirgi kan karɓi ladansa a bakin mashigi.

A watan Mayu 2007, saura 'yan kwanaki ya sauka, Shugaba Olusegun Obasanjo ya aza harsashi bisa irin wannan shiri, amma aikin bai motsa ba. Ran 10 ga Maris 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sake aza harsashi. A wannan karon an ƙiyasta naira biliyan 117, Gwamnatin Tarayya za ta zuba biliyan 30, sauran kuwa kamfanin Julius Berger da Hukumar Zuba Jarin Ƙasa, watau NSIA, su nemo, a bar musu karɓar kuɗin fito shekara 25. An kama aikin share fage da kafa ginshiƙai na farko.

Ba a daɗe ba sai kasuwar man fetur ta faɗi. Gangar da a ke sayarwa fiye da dala 100 a tsakiyar 2014 ta komo wajen dala 30 a farkon 2016. Naira ta bi ta, daga wajen 160 a kan dala ɗaya zuwa wajen 305 a farashin Gwamnati. Nan aibin dabarar ya bayyana. Ƙarfe da injuna da rance duk da dala a ke biyansu, kuɗin fito kuwa da naira za a karɓa. Mai ba da lamuni ya ga abin da zai shigo ya ragu da rabi tun ba a ƙetare da mota ko ɗaya ba, sai ya janye hannunsa. Ban da wannan, mutanen yankin da yawa sun ƙi jinin a ce su biya kuɗin fito, suna cewa me ya sa tasu gadar ce kaɗai za a sayar musu.

Dabara ta biyu: asusu na musamman

A 2018 Gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta sake salo. Aka kafa asusu na musamman don manyan ayyuka, a ke ce da shi PIDF, aka danƙa shi a hannun NSIA. Aka fara zuba masa dala miliyan 650 daga ribar da ƙasa ke samu a kamfanin iskar gas na NLNG. Ayyuka uku ne suka fi cin moriyarsa: wannan gada, da hanyar Ikko zuwa Badun, da hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya da Kano. A 2020 aka ƙara masa wajen dala miliyan 311 da aka maido daga dukiyar da aka ɓoye a waje zamanin Janar Sani Abaca, bisa yarjejeniya tsakanin Nijeriya da Amurka da tsibirin Jersey, wadda ta ɗaure kuɗin ga ayyukan nan uku.

Amfanin asusun shi ne kuɗinsa ba sa komawa Baitulmali in shekara ta ƙare. Injiniya ya auna aikin da aka yi, ya sa hannu, asusu ya biya. Da wannan tabbaci aka ba Julius Berger kwangila a kan naira biliyan 206, aka kama babban aiki a watan Satumba 2018, Babatunde Fashola yana Ministan Ayyuka.

Mai karatu zai ga kamar kuɗin sun kusa ninkawa tsakanin 2014 da 2018. Amma in aka juya su zuwa dala bisa farashin kowace shekara, biliyan 117 na farko wajen dala miliyan 730 ne, biliyan 206 na baya kuwa wajen dala miliyan 675. Ko da ya ke sharuɗɗan kwangilolin biyu ba ɗaya ba ne, lissafin ya isa ya nuna cewa darajar naira ce ta zube. Wanda ya ɗauki hasarar jinkirin kuwa shi ne mai biyan haraji, wanda da naira ya ke samu.

Tsawon gadar kilomita 1.6 ne, hannu uku kowane ɓangare, in an haɗa da hanyoyin da ke manne da ita kilomita 11.9. An buɗe ta na ɗan lokaci ran 15 ga Disamba 2022 don matafiyan Kirsimeti, aka yi bikin buɗe ta sosai ran 23 ga Mayu 2023.

Abin da ya rage

Amma fa asusu na musamman ba kyauta ba ne. Kowace dala da ta shiga cikinsa an hana ta wani wuri ne, ko makaranta ko asibiti, kuma ta kauce wa muhawarar da Majalisa ke yi a kan kasafin kowace shekara. Don haka wajibi ne lissafinsa ya zama a fili fiye da na sauran kuɗin Gwamnati. Har wa yau, ran da aka buɗe gadar ba a gama manyan hanyoyin da za su sada ta da hanyar Binin da ta Inugu ba, sai da aka yi hanyar wucin gadi. Akwai kuma batun gyara, gama gada na bukatar a riƙa duba haɗe-haɗenta da ƙafafunta muddin tana tsaye, kuma dole wani ya biya, ko mai wucewa ta kuɗin fito, ko jama'a duka ta haraji.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sau biyu aka aza harsashin gadar nan ba tare da tabbataccen kuɗi ba, sau biyu ta tsaya. Malamin da ke koya wa ɗalibai sha'anin mulki, in sun ji an yi bikin fara wani babban aiki, sai ya hore su su yi tambaya uku: nawa aka tanada, a hannun wa ya ke, kuma wa zai biya kuɗin gyara bayan an gama.