Hawan jini, suga da ƙoda: Abin da gwajin maleriya da taifod ba ya nunawa

Idan ma'aikaci ya shiga ɗakin gwaje-gwaje a Abuja, galibi abu biyu yake so a duba masa: maleriya da taifod. Ko ciwon kai ne, ko kasala, ko jiri, amsar da yake sa rai ba ta wuce waɗannan ba. Sai ya karɓi magani ya koma ofis. Amma cututtukan da kan kwantar da mutum a tsakiyar shekarun aikinsa ba sa zuwa da zazzaɓi, kuma ba sa tsayawa a gaɓa ɗaya ta jiki.

Hawan jini ne kan gaba. Likitoci na tabbatar da shi idan awo ya riƙa kai 140/90 ko fiye a lokuta daban-daban, kuma mutum na iya ɗauke da shi shekaru bai ji komai ba. A tsawon wannan lokaci tsokar zuciya tana kauri saboda aikin da ya yi mata yawa, ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna rauni har wata rana ɗaya ta toshe ko ta fashe, abin da ke jawo shanyewar ɓarin jiki. Ciwon suga ma haka yake bi a hankali, yana lalata jijiyoyin ido da na ƙafa. Ana gano shi idan sugan jini ya kai 126 a awon da aka yi kafin karin kumallo, ko gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, ya kai kashi 6.5 cikin ɗari. Masu sikila ko ƙarancin jini su sanar da likita, domin wannan gwaji na biyu yakan ba da sakamakon da ba daidai ba a wurinsu.

Inda cututtukan biyu suke haɗuwa su yi babbar ɓarna shi ne ƙoda. Kowace ƙoda na da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Sauran su ne ke ɗaukar nauyin, shi ya sa sinadarin kiriyatinin da ake aunawa a jini yakan zauna daidai har sai kusan rabin aikin ƙodar ya tafi. Alamar farko tana cikin fitsari: furotin da bai kamata ya fita ba ya fara zurarewa. Gwaji ne mai sauƙi, ba allura ba zafi, amma kaɗan ne ke nemansa. Ƙodar da ta raunana kuma tana ƙara hawan jini, tana rage sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Kasalar da ake ɗora wa cunkoson hanyar Nyanya ko Kubwa, wani lokaci daga nan take.

Abin takaici, mai ciwon baya daga zaman kujera yakan ƙara wa ƙodar nauyi da kansa, ta hanyar shan diclofenac ko ibuprofen kullum ba da umarnin likita ba, ko jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Idan ƙoda ta gaza gaba ɗaya, saura wanki ko dashe. Wankin ƙoda kan ɗauki kimanin awa huɗu, sau uku a mako. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi. Sauƙi ne na gaske, amma ko a hakan lissafin mako ya kai naira 36,000, ban da magani da kuɗin mota. Kowa ya san abin da wannan ke nufi ga albashin ƙaramin ma'aikaci.

Hanta ma tana da nata ciwon na ɓoye. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya zama a jiki shekaru da dama kafin ta bayyana a matsayin ƙanƙancewar hanta ko sankara. Sai a 2004 Nijeriya ta sanya rigakafinta cikin alluran yara, don haka yawancin ma'aikatan yau an haife su kafin nan. Gwajin jini ɗaya na HBsAg ya isa ya nuna ko mutum na ɗauke da ita, wanda ba shi da ita kuma yana iya karɓar rigakafin ko da ya girma.

Ma'aikatan tarayya na da wata dama da ba kowa ke da ita ba: tun 2005 suke cikin tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wanda dokar 2022 ta mayar da shi hukumar NHIA. A ziyara ta gaba zuwa asibitin da aka yi rajista, ma'aikaci na iya tambayar likita ko lokaci ya yi da za a auna masa jini da suga, a duba kiriyatinin da furotin a fitsari, a kuma gwada hanta. Ya kuma adana takardun sakamakon, domin likita ya fi karanta gwajin bana idan na bara na gabansa.